Ranar da Na Sa wa Kilim Ɗin Inna Ƙwaƙwalwa

Ni dai tun da karatun Faransanci ya zauna mini a baki, babu abin da ya tsira a kartiyenmu, unguwar Bukoki ta nan Yamai. Kwalin magani, buhun siminti, bayan taksi, duk sai na karanta da ƙarfi kowa ya ji. Da can in mushe, wato malaminmu, ya ce, "Sakina, tashi ki karanta," sai in ɓuya a bayan na gabana. Yanzu kuwa tsofaffin kartiye har gida suke biyo ni da takardun likita. Aibina ɗaya ne: ba ni da haƙurin kai layi ƙarshe. In na karanta farkon magana na gane inda ta dosa, sauran ai ɓata lokaci ne.

Yayata Ramlatu ta haihu, haihuwar fari, don haka a gidanmu take wanka, a gidanmu kuma za a yi suna. Ga shi tsakiyar zafi ne, irin wanda in ka taɓa ƙofar ƙarfe sai ka yi salati. Dangin mijinta mata sun taso daga Maraɗi, an ce bayan azahar za su zo wuni.

Innarmu kuwa ƙanƙara take sayarwa. Duk Bukoki in ka ce Habsatu mai ƙanƙara, har gida za a kawo ka. Tun ana saura mako take faɗa: "Miya ta yi gishiri, ban damu ba. Shinkafa ta caɓe, ban damu ba. Amma in surukai suka sha bisab, zoɓon nan nawa, da ɗumi a gidan mai ƙanƙara, ni kam sai dai in bar kartiyen nan."

Ana jibi suna ta aike ni kasuwar Katako wajen ƙanenta, Kawu Halidu, in karɓo kuloli. Shi tsofaffin kayan Turai yake sayarwa. Ina zuwa ya jawo wani ɗan kwali daga ƙarƙashin tebur.

"Yauwa, mai karatu. Zo ki raba mana gardama. Wasu sun ce rediyo ne, wasu sun ce na gwada hawan jini. Jiya wani ya ɗaura a hannu ya zauna yana jira."

Na karɓa, na gyara murya, don 'yan kasuwa sun fara matsowa.

"Termosta mai hankali," na karanta musu, ina fassarawa. "Ka mallaki yanayin gidanka daga portabul ɗinka, wayar hannu ke nan."

Akwai wasu ƙananan rubuce-rubuce a ƙasa. Ban bi ta kansu ba. Me zan yi da su, ga hoto? Wasu Turawa ne zaune a ƙasa babu takalmi suna dariya, ta taga kuma waje ya yi fari fat.

"Kawu, ka ga wannan farin? Sanyin da abin ya yi ne har ya cika ɗaki ya zubo waje."

"Allahu akbar!" in ji wani mai sayar da ƙusa.

"Ƙwaƙwalwa ce ake sa wa kilim mai sanyaya ɗaki. Shi zai kunna kansa, ya kashe kansa, ba ya cin kuran, kuɗin wuta ya ragu."

Kawu ya ce, "Ɗauki ki kai wa Yaya. Amma a kira Maman mai gyaran wuta ya sa."

Na yi dariya. "Maman? Kawu, Maman ko kwalin ba zai iya karantawa ba."

Kafin in kai gida na riga na gaya wa rabin layinmu cewa ranar suna duk mai zuwa salonmu, ɗakin baƙi, ya taho da bargo.

Ban gaya wa Inna ba. So nake ta gani kawai. Ranar suna da safe, an shafa fatiha, maza suna waje suna fama da rago, mata suna bayan gida wajen tukwane. Inna ta gama ɗaura bisab da lemun citta a leda, ta cika kongelater, firijin ƙanƙararta, da su, ta ɗora masa dutsen da ke danne murfinsa. Salo babu kowa. Na ɗauko turnabis ɗin Baba na kwance noti da wuƙar yanka albasa.

Na fara taɓa wayar wutar da ke bangon salo, sai na ji wani abu ya bi ta hannuna ya fita ta haƙorina. To, a kashe wuta ke nan. Gidanmu kontar wuta ɗaya muke da shi da Adamu tela, mai shago a bakin ƙofa. Na je na ja dijonkter, makashin wutar gidan gaba ɗaya, ƙasa.

Keken ɗinki ya tsaya cak.

"Wayyo Irkoy!" Adamu Bazabarme ne, in abu ya kai masa wuya da yarensu yake kiran Allah. Ya leƙo da zare a baki. "An ɗauke? Yau? Rigar Hajiya Habsatu saura hannu ɗaya!"

"Ba a ɗauke ba, Tonton. Aiki nake."

"Aikin me?"

"Ko na faɗa maka ba za ka gane ba. Minti biyu."

"Ke 'yar nan, in uwarki ta fito da riga mai hannu ɗaya, sunanki zan faɗa."

Na koma da gudu. A jikin kwali wayoyi masu kyau ne, shuɗiya da ja, kowace ta san gidanta. A bangonmu kuwa duk baƙaƙe ne, sun cukurkuɗe, an naɗe su da sikoc na manne waya, don duk wanda ya taɓa zama gidan nan sai da ya ja tasa. Na tsaya na yi tunani irin na masu ilimi: kilim shi ne babba, to wayarsa ita ce mai kauri. Na kama mafi kauri na datse.

Wajen feƙe bakin wayar aka samu matsala. Wuƙar albasa ba ta san iyaka ba. In na zo cire roba sai ta tafi da jan ƙarfen. In sake, ta sake. Na ɗan rage nan, na ɗan rage can, sai ga shi bakunan biyu sun yi nisa da juna kamar sun yi faɗa. Allah ya taimake ni termostan ya shiga tsakani daidai, biyu ta sama, biyu ta ƙasa. Yatsana ma ya samu rabonsa.

"Minti biyun Faransa ne?" Adamu yana ta ihu daga waje.

Na je na ɗaga dijonkter. Kekensa ya tashi. Na dawo salo, sai ga gilashin abin ya kawo haske, shuɗi mai kyau, ya rubuta arba'in da ɗaya. Wallahi sai da na yi rawa ni kaɗai. Na danna, na danna, na sauke shi zuwa goma sha takwas. Na juya ina kallon kilim.

Kilim yana kallona.

Na kunna fanka. Ko motsi. Na buɗe portabul ɗin Ramlatu don in haɗa su, ya ce sai da wifi. Wifi a gidanmu? Ko maƙwabta ba su da shi.

"Sakina!" Muryar Inna ce daga ɗakin ajiya. "Me ya sa kongelater ya yi shiru?"

Ashe mai kaurin nan ba ta kilim kaɗai ba ce. Ita ce uwar wayoyin ɓangarenmu gaba ɗaya.

"An ɗauke wuta, Inna!"

Ta shigo da muciya a hannu. Daga waje keken Adamu yana ta tatatata.

"Ɗaukewar da ta bar shagon Adamu ta zaɓi ɗakina?" Sai idonta ya faɗa kan bango. "Wannan kuma mene ne?"

"Ƙwaƙwalwa ce, Inna. Na sa wa kilim."

"To me yake yi yanzu?"

"Tunani yake."

"Tunanin me?"

"Yana... yana nazarin ɗakin."

"Bisab ɗina ko sanyi bai fara ba, ke kin kawo mini mai nazari!" Ta ɗaga muciya, ta tuna akwai baƙi a tsakar gida, ta sauke. Ta kira Maman mai gyara. Ina jin muryarsa: yana Harobanda, can ƙetaren kogi, amma ga shi nan, yana kan gada ma.

Inna ta fita. Yatsana yana ta zugi, na je na ciro ƙanƙara ɗaya cikin na jiya na riƙe. Na dawo na jingina hannun a jikin termosta, ina ta danne-danne da ɗayan, ina roƙonsa a hankali kamar mai lallashin akuya.

Ƙas!

Kilim ya yi tari ya tashi. Fanka ta juya. Daga ɗakin ajiya kongelater ya fara gurnaninsa.

Duk tsoron da nake ji ya gudu. Na fito tsakar gida ina tafiya ɗai-ɗai.

"Inna, ba na ce miki tunani yake ba? Ya gama."

Na karɓi wayarta a gaban mata, na kira Maman. "Tonton Maman, ka koma abinka. An gyara. A'a, ni na gyara. Wani aikin sai da karatu."

"Kai, Habsatu, kin haifi injiniya," in ji wata maƙwabciya.

Ban gama karɓar yabo ba na ji gurnanin ya mutu. Na ruga salo. Na danna, shiru. Na roƙa, shiru. Na ɗora sauran ƙanƙarar a kansa, jim kaɗan, ƙas, komai ya tashi. Na ɗauke, aka jima, ya mutu. Sai na gane. Ashe abin baƙo ne, bai san me muke so ba. Sai an ɗanɗana masa sanyi tukuna, ya ce, "Au, irin wannan kuke nufi?" Kamar yadda ake zuba wa famfon rijiya ruwa kafin ya ba da ruwa. Na ji daɗin kaina sosai da wannan bayanin.

Na ɗauro ƙanƙara biyu da zare na rataya a ƙusa suna manne da shi, na rufe da wani mayafin Ramlatu kamar ado ne. Sai dai zafin Yamai ba ya wasa da ƙanƙara. Kafin azahar na yi sawu ya fi a ƙirga tsakanin salo da ɗakin ajiya, ina ɗaga dutse, ina saukewa.

"Wa ke kwashe mini ƙanƙara?" in ji Inna.

"Yara ne, Inna. Yaran yanzu ba su da tarbiyya."

Bayan azahar 'yan Maraɗi suka iso taksi uku, ƙamshin turare ya riga su shigowa. A gabansu uwar mijin Ramlatu, Hajiya Mariyam, doguwa, da tabarau rataye a wuya. Mace ce da ba ta yin magana uku ba ta ambaci Liyon ba, inda 'yarta ke aure a Faransa. Inna ta fito cikin rigarta, hannu biyu cif, ta shimfiɗa wa Hajiya darduma a wuri mafi sanyi a salon.

Wato daidai ƙarƙashin mayafina.

"Masha Allah, ɗakin da daɗi," in ji Hajiya.

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma bakina ba ya shawara da ni.

"Ni na haɗa, Hajiya. Da portabul ma nake juya shi."

Cikinsu akwai wata Nafissa, ƙanwar mijin, sa'ata ce, tun shigowarta take kallon takalmina. Ta ce, "Da portabul? Kashe mu gani."

Na ɗaga portabul sama, na danna gilashin da babu komai a kai sai hoton jariri. Kilim ya ci gaba da aikinsa.

"Bai ji ki ba," in ji Nafissa.

"Yana da ladabi ne. Ba ya kashewa in manya suna hutawa."

Hajiya ta karɓi jariri, ta ɗaga hannu ta fara addu'a. Allah ya raya, amin. Allah ya sa mahaddaci ne, amin. Allah ya sanyaya...

Ƙas. Komai ya mutu.

"Yanzu ya ji," in ji Nafissa. "To kunna."

"Bari in je inda reso ya fi ƙarfi, nan waya ba ta kamawa."

Na fita da gudu, na ɗaga dutse, na ciro ƙanƙara biyu na cusa a ƙugu cikin zani, na sauke hijabi a kai. Na dawo ina tafiya kamar wadda ta haɗiye muciya. Dabarar ita ce in bi bayan Hajiya in yi kamar ina gyara mayafi. Amma salo ya cika dam, ƙafafu ko'ina, kowace tsohuwa kuma sai ta riƙe ni mun gaisa. Ina lafiya, ina gajiya, ina karatu, sanyi kuwa yana cin ƙuguna, ruwa yana bin ƙafata.

"Ke yarinya," in ji wata tsohuwa tana nuna tabarma, "ba ki da lafiya ne?"

Duk aka kalli sawuna. Layin ruwa tun daga ƙofa.

"Zufa ce."

"Zufa ta ƙafa ɗaya?" in ji Nafissa.

A daidai lokacin Hajiya ta zabura ta dafa ƙeya.

"Subhanallah! Yaron nan ya yi mini fitsari a wuya!"

"Hajiya, ai yana cinyarki," in ji Ramlatu a hankali.

Hajiya ta miƙa jariri, ta juya. Mayafin ya jiƙe sharkaf, yana ɗiga ɗis, ɗis. Ta sa hannu ta fizge. Ledoji biyu na narkakkiyar ƙanƙara suka faɗo, ɗaya ta fashe a kafaɗarta. Nawa na ƙugu ma suka ga babu amfanin ɓuya, suka sulluɓo ƙasa tim, tim.

Inna tana bakin ƙofa da tire a hannu. Ban kalle ta ba, amma ina jin kallonta a bayan wuyana.

Hajiya ta sa tabarau. Ta matsa kusa da bango. Ta daɗe tana duba abin. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce, har da tari, har sai da aka bubbuga mata baya.

"Habsatu! Wa ya sa muku wannan?"

"Injiniya," in ji Inna.

"Irinsa ne sak a gidan 'yata a Liyon! Na ɗumama ɗaki ne! Can in sanyi ya sauko, ƙanƙara na zuba daga sama, shi ke kunna wuta a ƙarƙashin daɓe don ƙafa ta ji ɗumi. Sai ya ji sanyi yake ba da wuta. In ya ji zafi ya yanke, ya ce aiki ya yi."

"To ai a Yamai ya samu hutun rai da rai," in ji wata.

Dariya ta fashe. Har masu tuƙa tuwo suka bar tukwane suka zo. Adamu tela ya leƙo ta taga.

"Ni na faɗa! Minti biyu ta ce mini!"

"Amma a kwalin an rubuta..." na fara.

"Kin karanta har ƙasa?" in ji Nafissa.

Na yi kamar ban ji ba.

Hajiya tana share hawaye ta ce, "Ku ƙara lambar zuwa ƙarshe, ko ya ɗauka sanyi ake." Na danna, na danna. Ya tsaya a talatin, ya ƙi gaba. Kusa da shi kuma zafin ɗakin yana nan, arba'in da biyu.

"Talatin?" in ji tsohuwar nan. "A watan nan ko cikin randa bai sauka talatin ba."

Na ce, "Inna, bari in cire shi in mayar da wayar yadda take."

"Ki taɓa ki gani."

Ko da ta bari ma, bakunan wayar ba za su haɗu ba, na riga na feƙe tsakaninsu na zubar. Inna ta sake kiran Maman. Ta sa shi a sifika don kowa ya ji.

"Hajiya, ai an ce in koma, wai aikin sai da karatu. Na kama wani aikin. Sai bayan magariba, in Allah ya so."

Inna ta kashe waya. Ta je ɗakin ajiya, ta dawo da ledar bisab ɗaya, ta taɓa a kumatu. Na ga fuskarta. Sanyin bai kai ko'ina ba, ga abinci ana shirin sauke wa baƙi. Ban taɓa ganin Inna ta karaya ba sai ranar, kuma ban ji daɗin ganin ba.

Ta sunkuya ta ɗauki ƙanƙarar da ta faɗo daga ƙuguna. Ta kama hannuna ta ɗora mini. Ta ja ni har bango, ta manna hannun a jikin termosta.

Kowa ya zuba wa kilim ido.

Ƙas. Kilim ya yi tari. Kongelater ya amsa daga can.

Mata suka rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya.

"Nan za ki tsaya," in ji Inna. "Ba rataya, ba mayafi, kada ya sake ɗiga a kan mutane. Ki riƙe, ki tare ruwan da tsumma. In na ji gurnanin nan ya tsaya, ke ma kin tsaya."

"Har yaushe, Inna?"

"Tambayi mai tunani."

Ni da ko a sahun salla sai an harare ni saboda motsi, ni ce tsaye wuri ɗaya, fuska ga bango, cikin sabon anko. Aka kawo shinkafa da naman rago, ina jin ƙamshi ta bayana. Aka buɗe kayan jariri ana ɗagawa ɗaya-ɗaya, ban ga ko safa ba. Hannun dama ya mutu in sauya na hagu. Duk Yamai ana neman inuwa, ni yatsuna suna karkarwar sanyi. Wadda ta shigo sabuwa sai ta tambaya me yarinyar nan ke yi, sai a samu mutum biyar suna rige-rigen ba ta labari. Nafissa ta ɗauke ni hoto ta gefe uku.

Da aka yi la'asar Inna ta shigo da babban tire. Ledojin bisab da lemun citta sun yi raɓa, wasu har da ƙanƙara a ciki. Ta fara miƙa wa Hajiya. Hajiya ta huda da haƙori, ta zuƙa, ta runtse ido ta dafe kumatu.

"Wash! Habsatu, za ki zubar mini da haƙora. Ko a Liyon ban sha mai sanyin wannan ba."

Inna ta yi murmushi, irin na wanda aka sauke wa kaya. Ta bi kowa ta ba shi, har Adamu ta taga. Ni maƙogwarona ya bushe tun azahar. Na ga ta nufo ni da leda ɗaya, mafi sanyi, ta daskare kamar dutse. Na ce a raina, uwa dai uwa ce. Na karɓa da hannun da ke sake, na kai baki.

Ta buge mini hannu.

"Wa ya ce taki ce? Ta mai tunani ce. Ba ki ga ta hannunki ta narke ba?"